Kan Baba a Bahon Faci

Babanmu mai faci ne a unguwar Barkin Sale da ke Minna, tun ban san kaina ba yake hura tayoyin mutane. To wannan mutumin ne likita ya dubi idonsa ya ce masa akwai iska a kansa. Kai, wasu dai ba su iya magana ba!

Babur ne ya kaɗe shi a bakin rumfarsa. Aka ɗinke masa kai, aka yi masa ƙarin ruwa, sannan aka tura mu wani gari mai nisa a ɗauki hoton kan, don lokacin babu injin a Minna. Ni na raka shi. Da muka dawo, likita ya ɗaga hoton ya nuna wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero.

"Iska ce a jijiyar jini, Baba. Ta allurar ƙarin ruwa ta shiga. Ƙashi lafiya lau, jiki zai shanye ta."

Muna isa gida Baba ya fara ƙorafi. Wai likitan bai san aiki ba: inda iska ta shiga akwai huji, kuma abin da ke sacewa a hankali wata safiya a kwance za a same shi. Ya daina atishawa. Ya daina fita. Ya kira ƙanensa daga Gwada ya zo ya kwashe famfon hura taya da kayan rumfa, wai shi ya gama. Na yi masifa har muryata ta dushe. Tsoro nake ji, don Baba in bai fita aiki ba, to kwanciyar ke nan.

Ana ɗaure kaya Inna ta jawo bahon da yake tsoma tub ɗin taya in yana neman huji, ta cika shi da ruwa.

"Malam, yadda kake duba na mutane haka za a duba naka."

Wallahi ya durƙusa, da gemunsa da komai, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ta danna kansa ciki. Kumfa ta taso, bul-bul.

"Ta hanci ce!" in ji Inna. "Toshe mana!"

Ya toshe. Ta juya shi, kunne, ƙeya, wajen ɗinkin. Ruwa shiru.

"Babu huji," in ji ta.

Ya ɗago yana haki, ya ce wa ƙanensa ya kwance kayan nan, wa ya ce ya taɓa? Gida ya kaure da dariya. Sai da na je zubar da ruwan na tarar da Inna a bayan ɗaki, ta jingina da bango, tana ta maimaita alhamdu lillahi. Ashe ita ma da gaske take dubawa.