Gadin Zauren Yaya

Daga Bawku har Kulungugu ba a haifi wanda bakina bai iya juyawa ba. Na taɓa sayar wa mutum rago gurgu, ya tafi yana sa mini albarka. Shi ya sa da aka sallamo yayana daga asibitin Tamale, likita ya ce a hana masu dubiya shiga wurinsa, na bugi ƙirji na ce a bar mini zaure.

Kansar kaluluwa ce ta kama Yaya, wuyansa ya kumbura. Likitan ya zaunar da ni ya ce maganin da suke ɗura masa a jijiya ba shi kaɗai ke kashe cutar ba. Manne wa miyagun ƙwayoyin kansar yake yi, kamar fentin da muke shafa wa rago a kara. Sai wasu fararen ƙwayoyin jini, nutrofil, su bi masu fenti suna gutsurar su kaɗan-kaɗan har su fashe. To akwai wani magani na biyu da suke haɗa masa, shi ya karya nutrofil ɗin Yaya, kuma su ne masu tare zazzaɓi. In zazzaɓi ya shige shi, a ɗage ɗuri na gaba, kumburin wuya kuwa ba ya jiran kowa.

'Yan Salaga suka zo da doya, na karɓe doyar na sallame su. Limamin unguwa ma daga taga ya yi addu'a.

Sai ga Goggo, ƙanwar babanmu, daga Yendi, da mata cike da mota, tana fyace hanci da bakin mayafi.

"Goggo, sannu da hanya. Ba a shiga."

"Ba a me? Ɗan da na goya?"

Na gyara riga na soma bayani. Na kawo misalin rago, na kawo na fenti, na yi mata gutsurar nutrofil da haƙorana har 'yan rakiyarta na riƙe ciki don dariya. Ni ma abin ya yi mini daɗi, na sake daga farko, na ƙara da kukan ƙwayar kansa sa'ad da take fashewa. Ko da na ɗago, Goggo ba ta wurin. Ashe ta bi ta gidan maƙwabta, ta ƙaramar ƙofar da mata ke aron wuta. Na tarar da ita ta riƙe kan Yaya tana tofa masa addu'a, tana atishawa tsakanin aya da aya. In ce me? A ja tsohuwa daga kan ɗanta?

Ba a jima ba jikinsa ya ɗauki zafi. Muka sake ɗaukar doguwar hanyar Tamale, kowane rami sai ya yi nishi. Aka duba jini, aka ɗage ɗurin. Na tsaya bakin gado ina ta rantsuwa ba laifina ba ne, laifin wanda ya gina ƙofar nan ne.

Yaya ya buɗe ido da ƙyar. "Ƙanena, da akuya muka ɗaure a zauren nan, ai da ko kuka ta yi mana."