Mai Agogo da Allurar Inna

Shekara goma sha tara ta yi tana aiki ɗaya a wani ƙaramin kamfanin haɗa magani daga tsirrai. A gida Mai Agogo ake ce mata, don ko shayi za ta dafa sai ta dubi tsintsiyar hannunta. Yayanta, direban babbar mota, shi ya laƙaba mata sunan.

Aikin ba shi da hayaniya. Ana tatso man na'a-na'a a ɗura shi a ƙananan ƙwayoyi masu taushi, a fesa musu siririn rufi, sannan a kawo mata kaɗan ta gwada. A teburinta akwai tukwanen gilashi jeri biyu, masu ɗumin jikin mutum. Ruwan jerin farko tsami ne kamar na tumbi, na biyun kamar na hanji. Dole ƙwaya ta yi awa biyu cikin tsamin ba ta fashe ba, sai an mayar da ita na biyun ta buɗe. In man ya zube a tumbi, ƙwannafi yake sa wa. A hanji ake son sa, inda murɗar ciki take kama mutum. Ita ke riƙe agogo, ita ke sa hannu kafin kaya su fita.

Da mahaifiyarta, Inna, ta fara fama da murɗar ciki, likita ya rubuta mata wannan maganin. Lambar da ke jikin kwalin ta kayan da Mai Agogo ta sa wa hannu ce. Aka yi mako uku, murɗa ba ta tafi ba, ga ƙwannafi ya ƙaru. Inna ta rage cin abinci, zobenta ya fara yawo a yatsa.

"Malama Agogo," in ji Yaya, "ko dai batirin ne ya mutu ranar?"

Ba ta yi dariya ba. In rufin ne ya lalace, ba Inna kaɗai ke shan kayan ba, kuma ita za ta kai kanta ofishin manaja ta faɗa. Ta ɗebi shida daga kwalin ta tafi da su wajen aiki. Duk shidan suka cika awa biyunsu cif.

Washegari ta nemi hutu ta zauna a gida. Bayan abincin rana Inna ta ciro ƙwaya, ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta, ta huda ta, ta matse man a cokali ta lashe. Kwanson ta jefa a tsohon gwangwanin madara, wanda ya kusa rabi.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Magani nake sha. Robar kuma ai kwalba ce, wa ke haɗiye kwalba?"

"Wannan robar ita ce aikina, Inna. Shekara sha tara."

"Allah sarki. To ni maganin da harshena bai ji ba, ta yaya cikina zai san ya iso?"

Mai Agogo ta yi bayanin tukwanen gilashi, dalla-dalla, har da zane a bayan kwali. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba gilashi ba ce.

Kwana biyu bayan haka Mai Agogo ta shigo da tukunyar ƙasa, an shuka na'a-na'a a ciki, ta ajiye a bakin taga. Ta tsinki ganye ɗaya ƙarami.

"Ki tauna wannan, ya yi wa ciki sallama. Sai ki haɗiye ƙwayar yadda take, ta bi bayansa."

Inna ta tauna, ta ja iska ta baki, ta ji sanyin. "Yauwa. Yanzu na ji magana."

Kafin wata ya ƙare ta koma cin abincinta. Duk wanda ya zo duba ta sai ta nuna masa tukunyar taga, ta ce ganyen nan ne ya tashe ta, ƙwayar rakiya kawai take yi. Mai Agogo ba ta taɓa gyara mata ba. Kullum da safe takan zuba wa shukar ruwa ƙarfe bakwai saura kwata, ta leƙa gwangwanin madara, sannan ta fita.