Ranar da Na Gyara wa Kawu Karatu

Jiya a shagon tsofaffin littattafai a unguwar Bin Mahmud, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, na ci karo da mujallar zane ta Ingila, irin ta da: jarumi mai ƙirji kamar ƙofar gareji, yana shawagi bisa Landan cikin ruwan sama. Takardar ta yi ja, tana warin tsohon akwati. Ni direban da surutunsa ke hana fasinja gyangyaɗi daga Kornish har Al Rayyan, sai ga ni tsaye ina ta shafa bangonta.

Kawuna, mai zanen allunan shaguna a Zariya, yana da irinta tuli. Ba ya jin Turanci. Hoto yake duba, ya sa wa jarumin magana da Hausa, mu yi ta dariya. Yakan ce, "Dubi inuwar nan. Baƙin tawada ne kawai, amma kun ji sanyi."

Da na shiga sakandare, na karɓe wata mujallar daga hannunsa a gaban yaran unguwa. "Kawu, ba haka ya ce ba."

Ya yi murmushi. "To, malam, karanta mana."

Kafin shafi na uku yara sun watse. Bai sake buɗe ta a gabanmu ba.

Shekara da shekaru ina cewa in na je hutu zan ba shi haƙuri. Ya rasu ina jiran kafil, ubangidana a nan, ya sa hannu a takardar hutuna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe mini tun ranar, ko da bai faɗa ba.