Idon Baba da littattafan Kotonu

Ni mai karatun abu biyu ce da ba sa ga maciji da juna. A salulata akwai littattafan soyayya na Hausa, irin waɗanda ake turowa shafi-shafi, yarinya ta yi kuka, saurayi ya yi kuka, ni ma in taya su har hancina ya toshe. A jakata kuwa ba a rasa wani tsohon littafin Faransanci mai labarin duniyar gobe: birane da ruwan sama ba ya ɗaukewa, fitilun talla ko'ina, kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, mutane suna dasa wa jikinsu ƙarfe da waya. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya da ke tasowa daga Kotonu, ne ke kawo mini su. Ina aiki a wani biro, wato ofis, kusa da duwan na Gaya inda ake biyan harajin kaya, ina buga takardun kaya a ordinata, wato kwamfuta. In na yi wa direba hanzari, shi ma sai ya tuna da ni idan ya ga masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Abokan aikina maza sun ce na farkon ɓarnar hawaye ne, na biyun ɓarnar hankali. Ban taɓa kula su ba, don su ko takardar da ke gabansu da ƙyar suke karanta ta har ƙarshe.

Baba manomin shinkafa ne a bakin gulbi, kuma a ƙuruciyarsa ya yi tuƙin kwalekwale. Ciwon yanar ido ya fara rufe masa idanu a hankali, har ya kai ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Gona ta koma hannun yayyena, shi kuma ya koma kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Mutumin da bai saba zama ba, zaman ya yi masa nauyi, ya zama mai saurin fushi. Shi ya sa kullum in na tashi aiki nake biyawa gidan bayan la'asar, in zauna da shi da Inna kafin in wuce nawa gidan.

Inna ce ta fara jawo karatun. Ta ga ina share hawaye a kan salula, ta tambaye ni wa ya mutu. Da na karanta mata shafi ɗaya, shi ke nan, kullum sai ta ɗauko faifan shinkafa ta zauna kusa da ni kamar tsinta ce ta kawo ta. Inna Badandiya ce, 'yar ƙabilar tsallaken gulbi, mai kunya ta fitar hankali. Ban taɓa jin ta ambaci sunan Baba ba, ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Amma in saurayin littafi ya ɓata wa yarinya rai, sai ka ji ta tana tsaki tana cewa ba ɗan albarka ba ne. Baba kuwa dariya yake mana. Ya ce duk ƙarya ce, babu namijin da zai tsaya yana gaya wa mace irin waɗannan maganganu alhali akwai aiki a gona.

Wata rana salular ta mutu don an yini babu kuran, wato wutar lantarki, sai na ciro littafin Faransancin. Baba ya ji ƙarar takarda, ya tambayi abin da ke ciki. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na fara juya masa labarin da Hausa, ina karantawa ina faɗa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

“Uwata, wanga tatsuniya ta?”

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Gani na yi ya mai da littafina abin yara. Na ce, “A'a Baba, littafi ne.”

Ya gyaɗa kai ya ce in ci gaba. Ni abin da nake nufi, abu ne mai daraja da wani ya zauna ya tsara. Shi kuma abin da ya ji daban ne, kuma ban gane ba sai bayan shekara guda. A wurin Baba, tatsuniya tana da ƙa'ida: ba a yin ta da rana, tana da kalmar buɗewa, kuma mai yin ta yana rufewa da amsa cewa ƙarya ya shirga. Abin da aka buga da harshen Nasara aka karanta da rana tsaka kuwa, gaskiya ne, irin karatun da injiniyoyi suka yi har suka ɗora gada a kan gulbi. Na ƙara ɓata lamarin da kaina. Don ya fi ganewa, duk birnin da ke cikin littafi sai in ce Kotonu ko Ikko, garuruwan da ya taɓa zuwa yana saurayi kuma ya san ba abin da ba za a yi a cikinsu ba.

Ya so labaran nan fiye da yadda na zata. Muka raba lokaci, rabin awa na Inna, rabin awa nasa. Wanda ya fi kama shi labarin wani ɗan dako ne da ya makance, wani kamfani ya dasa masa idanun inji. Ya koma gani fiye da kowa, amma duk abin da ya kalla, mutanen kamfanin suna kallo tare da shi daga ofishinsu. Ranar da ya ƙi yi musu wani mugun aiki, suka danna maɓalli, ya koma cikin duhu a tsakiyar kasuwa. Baba ya sa na maimaita wannan wuri sau biyu. Ya yi ta salati, ni kuma ina jin daɗi wai na iya ba da labari.

Ana nan sai aka yi shela a rediyo cewa likitocin ido za su zo asibitin gari su yi kwanaki kaɗan suna aikin yana. Na ɗauki izini a biro, na kai shi ranar Litinin. Lokotoro ya haska idanun ya ce abu ne mai sauƙi, jijiyar lafiya lau take. Ya ba mu randebu ranar Alhamis, don Juma'a za su tattara su tafi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma mutumin kirki ne mai son bayani, sai ya ce za a cire yanar a sa wani ɗan gilashi ƙarami a cikin idon, wanda zai zauna har abada. Baba ya tambaya, a natse, wa ke ƙera gilashin. Lokotoro ya ce wani kamfani ne a ƙasar waje. Baba ya lalubo sandarsa, ya yi godiya, ya miƙe.

Sai da muka isa gida ya zauna a tabarmarsa ya ce ba za a taɓa idonsa ba. Ya ce shi ba zai buɗe wa baƙin maza ƙofar gidansa ba, su riƙa kallon iyalinsa babu mayafi, su riƙa kallonsa yana alwala, ranar da suka ga dama kuma su kashe. Duhun da Allah ya ba shi ya fi masa wanda ke hannun wani ɗan Adam.

Da farko dariya ta kusa kuɓuce mini. Da na dubi fuskarsa, na gane ba wasa yake ba. Na durƙusa na yi masa bayani cewa labarin ƙirƙira ne, babu ɗan dakon, babu kamfanin, wani ne ya zauna a ɗakinsa ya tsara, daidai da littattafan Inna. Ya saurare ni har na gama.

“Na tambaye ki tun ran farko,” in ji shi. “Kin ce ba tatsuniya ba ce. To yanzu wace magana zan ɗauka, ta bara ko ta yau da kike son a yanka ni?”

Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce a littafin an ce kuɗi za su koma cikin waya, ga shi yayana yana aiko masa da kuɗi ta salula. An ce inji zai riƙa gane mutum da yatsunsa, ga shi an ɗauki yatsunsa goma da hoton fuskarsa ranar da aka yi masa katin shaida. In waɗannan sun tabbata, me zai hana na ido? Baba bai yi lakwal ba, bai san boko ba, amma ba a kayar da shi a gardama, kuma a ranar na gane daga inda na gaji taurin kaina.

Talata na dawo da yayana babba, ya yi magana, a banza. Ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na ce wa Baba to ya zauna cikin duhun tunda shi ya zaɓa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya juya fuskarsa wajen katanga. Na fita ina huci, na isa gida na kwashe littattafan Faransancin duka na cusa a kwali na tura ƙarƙashin gado, kamar su suka yi laifin. Tsoro ne ya cika ni. Likitocin za su tafi, ba wanda ya san ranar dawowarsu, kuma in mahaifina ya mutu makaho, ni ce sanadi, da bakina da girman kaina.

Laraba bayan la'asar na je ba da haƙuri. Na same su kamar kullum, shi a tabarma, ita da faifanta. Na durƙusa na roƙi gafara, ya ce ya yafe, amma maganar asibiti a bar ta. Na yunƙura zan tashi, Inna ta riƙe mini zane ta ce in zauna. Ta ajiye faifan, ta matsa har gefen tabarmarsa, wurin da ban taɓa ganin ta zauna ba in da mutum a gidan. Ta yi magana da Hausarta mai karin Dandanci.

“Malam, ni ban san ko gaskiya ne ko ƙarya ba. In ma suna kallo, su kalla. Mi za su gani? Tsohuwa tana tsintar shinkahwa. Ni dai kai nika so ka gan ni. Na gaji da shigowa da hita kana tambaya wa ke nan.”

Na karanta kalaman soyayya sun fi a ƙirga, wasu har na haddace, amma ran nan ƙasa na duba, kunya ta rufe ni. Ni da yayana mun kwana biyu muna ƙoƙarin nuna masa babu mai kallo. Ita ko gardamar ba ta shiga ba.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce littattafan nan sun lalata ta, tsofai-tsofai da ita. Inna ba ta motsa daga inda take ba. Can ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ce mu je. Sannan ya kafa sharaɗi: ido ɗaya kawai za a yi, don in zai yi alwala ko in Inna ba ta kintsa ba, ya rufe shi. Na ce na amince, kuma zan tsaya kai da fata sai lokotoro ya yarda. Ban gaya masa dama ido ɗaya ake fara yi ba. Na riga na koyi darasi a kan yawan bayani.

Alhamis da sassafe muka tafi. Da aka shiga da shi, na zauna a benci hannuna babu komai, karo na farko da nake jira a wani wuri ba tare da abin karantawa ba. Ban iya ba ma. Sai addu'a nake, ina lissafa duk abin da zai iya lalacewa, don mai karanta labaran duniyar gobe ba ta rasa mugun zato. Ba a daɗe ba aka fito da shi da auduga a ido, yana faɗa wai an sa shi cire hula. Da na ji faɗan nan na sauke wata ajiyar zuciya da har matar da ke kusa da ni ta waiwayo. Littattafan sun fito daga kwali bayan mako guda, don ba zan iya rabuwa da su ba, kuma shi da kansa ya nemi a ci gaba. Sai dai yanzu kafin in buɗe shafi nakan ce, Baba, wannan ƙarya ce, shi kuma ya ce ya ji, a karanta.

Washegarin aikin muka koma a cire audugar, har da Inna, wadda ta ɗaura zanenta na zuwa biki. Ɗakin cike yake da tsofaffi a jere, kowa da farin tambari a fuska. Wata ma'aikaciya ta zo kan Baba ta ɓare filastar a hankali, ta goge idon, ta ce ya buɗe. Ya ƙifta, hawaye suka zubo. Ta ɗaga yatsu ta tambaye shi nawa ne, ya ce uku, da ɗan haushi, kamar ta raina shi. Na jingina da bango ina hamdala.

Ya juyo ya dube ni, ya ce na yi ƙiba. Daga nan ya wuce ni da ido, ya tsaya a kan Inna da ke bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Ya daɗe yana kallonta.

“Ashe kin yi hurhura,” ya ce.

“Ta daɗe, Malam.”

Ma'aikaciyar ta ce mu ba na baya wuri. Sai da ta faɗa sau biyu kafin ya ji.