Tambayar da Alƙasum Ya Yi wa Baƙon Elhaji

Ni ban yarda da namijin da ke wanka da sabulu mai ƙamshi bayan la'asar ba, shi ya sa tun farko na sa wa Alƙasum ido. Fura nake sayarwa a bakin karar Tawa, inda ake cinikin dabbobi, kuma rumfata tana kallon ƙofar Elhaji Attahiru. Mai shiga da mai fita duk ta gabana suke bi.

Alƙasum ɗan garin Affala ne. Ya zo birni da ɗan karatunsa na lakwal, wato boko, Elhaji ya ɗauke shi aiki. Shi Elhaji maigidan makiyaya ne. Su taso daga arewa da raƙuma da awaki, su sauka gidansa, ya ba su tabarma da tuwo, ya sayar musu da dabbobi, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Baƙo ba ya sauya maigida haka kawai, wasu tun kakanninsu nan suke sauka. Alƙasum ke tarbarsu, ya kai mara lafiya likita, ya yi musu tafinta, don yana jin Tamashek, yaren Buzaye, kamar a tanti aka haife shi. Makullin ɗakin baƙi ma a aljihunsa yake. A kara kuwa, in aka daina yarda da kai, ka gama aiki.

To, sai ga sabon salo. Mutum ya yini cikin kashin awaki, yamma na yi ya fito fes, ya hau moto, wato babur, ya ɓace. Na ce ko mace ce, ko siyasa. Ranan na tare shi.

"Kai ɗan nan, ina kake zuwa kullum kamar ango?"

"Inna, karatu nike. Makarantar yamma, ta sanin kasuwanci. Digirin lisans nike nema."

"Kasuwanci? Wanda kake ciki tsundum tun asuba, shi wani mushe, malamin boko mai karabat ɗaure a wuya, zai koya maka?"

Ya yi dariya ya wuce. Gaskiya ya sha wuya. Na sha ganinsa yana gyangyaɗi a kan buhun dusa, idanu jajur, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na ji tausayinsa, amma ban sauke ido ba.

A shekarar ƙarshe mushen ya ba su aiki: kowa ya je ya tambayi abokan cinikin wurin aikinsa abin da ke ransu. Wata ranar kasuwa Alƙasum ya kawo Souleyman rumfata, wani dattijon makiyayi daga wajen Takanamat, babban baƙon Elhaji. Ya saya masa fura. Ina damawa ina jin su.

"Baba, mi kake so a gidan Elhaji? Mi ba ka so?"

Dattijo ya ci gaba da shan furarsa. Alƙasum ya ƙara jefo wata.

"In da babu Elhaji, wurin wa za ka sauka?"

Innalillahi! Duk wanda ya san kara ya san mutum ɗaya ke yi wa baƙon wani wannan tambaya, shi ne mai shirin ƙwace shi. Souleyman ya ja rawani ya rufe baki, ya tashi ya nufi gidan Elhaji.

Na ce, "Kai, ka haukace ne?"

"Inna, bincike ne na makaranta. Kowa a ajinmu ya yi."

"Kowa a ajinku a kara yake aiki?"

Elhaji bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Sai dai aka ga wani yana tarbar baƙi. Aka daina kiran Alƙasum tafinta. Da ya ga abin ya yi nisa, sai ya sake tafka wata wautar: ya ɗauko mushen a moto ya kawo shi shaida. Mushe ya zauna a zaure yana ta bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, wai wannan hanya ce ta riƙe abokin ciniki. Elhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Alƙasum.

"Wato har malami ka ɗauka ya koya maka yadda ake yi. Kawo makullina. Allah ya ba da sa'ar karatu."

Ya ci jarrabawar kuwa, ya karɓi takardarsa. Aikin biro, wato ofis, bai samu ba, kuma babu maigidan da zai ɗauki wanda aka kora kan baƙo. Ga tsohuwarsa a Affala tana jiran hatsi. Sai ya kama wani kango a bayan kara ya shimfiɗa tabarma. Makiyaya suka fara leƙawa, don sabon tafintan Elhaji ko gaisuwa bai iya ba. Kafin damina ta zagayo, rabin baƙin Elhaji can suke sauka, har da Souleyman. Elhaji in ya wuce rumfata sai ya ce, "Rahinatu, kin dai gani da idonki." Duk kara ta ce ai da ma shirin ke nan, makaranta rufa-rufa ce.

Kwanan baya Alƙasum ya zo ya zauna. Ya yi ƙiba, shaddarsa sabuwa, amma ba ya dariya kamar da. Na dama masa mai nono da yawa. Ya sha kaɗan, ya rage murya.

"Inna, a gabanki aka yi komai. Ke dai kin san ba da nufi na yi ba, ko?"

Wallahi na so in ce masa e. Ina son yaron nan. Amma na tuna yadda ya zaɓi babban baƙo, ba ƙarami ba.

Na ce, "Sha furarka, ɗan nan."

Ya daɗe yana kallona. Ya ajiye ludayin a hankali, ya yi mini sai an jima. Yanzu ta bayan masallaci yake zagayawa in zai shiga kara.