Haƙorin Makkan Goggo Balaraba

Duk wanda ya san Ƙofar Taramniya ya san dariyar Goggo Balaraba, ƙanwar mahaifina. Tun kana bakin lungu za ka jiyo ta, kafin ƙanshin turaren wuta ya tarye ka. Lalle take sayarwa a cikin gida, da kwalli da humra, amma na rantse rabin matan da ke shiga hira ce ke kai su. Da ta buɗe baki sai haƙorin Makka ya haska, zinariya ce a jerin gaba na sama.

Shekara ashirin da biyu ke nan da ta sauke farali. A can aka lulluɓe mata haƙorin, kamar yadda alhazai da yawa ke yi don a san sun je. Ta dawo tana washe baki ko ba a faɗi abin dariya ba. Shi kaɗai ke da ƙyallen gogewa na musamman, sauran haƙoran kuwa asuwaki ya ishe su. Mijinta, Malam Mode, baduku ne, mutumin da kan yini a zaure yana ɗinkin fata bai furta kalma goma ba. Ranar da ta dawo ya dubi bakin nata, ya yi mata barka da sauka, ya mai da kai kan aikinsa.

Bara sai dasashinta ya kumbura daidai wurin. Ta tauna kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, ta yi ta ɓoye ciwon har kumatu ya tona mata asiri. Ni na ja ta zuwa wurin likitan haƙori, tana tafe tana mita. Likita ya duba ya ce haƙorin lafiyarsa lau, zinariyar ce ta saki, datti na taruwa a ƙarƙashi. Dole a cire ta.

"A cire mi?" in ji Goggo. "Ɗana, Makka hwa anka sa min shi. In kun cire, wa za shi san na tahi?"

"Wanda kinka tahi dominSa ai ya sani, Hajiya," in ji likita.

Goggo ta buɗe masa baki. Aka cire, ta ƙulle zinariyar a gefen mayafi muka dawo gida.

Cikin kwana uku ciwo ya tafi, amma dariya ta bi shi. Goggo ta koma magana da mayafi a kan baki, ko tari za ta yi sai ta juya wa mutane baya. Masu sayen lalle suka riƙa ja na gefe suna tambaya ko rasuwa aka yi. Abin ya dame ni ƙwarai, don gidan ya zama kamar ba nata ba.

Ana nan sai Nafisa, wata budurwa 'yar unguwa da bikinta ya matso, ta zo sayen lalle. Ta zauna tana ba mu labarin yadda mai kwalliya ta lafta wa yayarta hoda ranar aure, har kakarsu ta gaishe ta a matsayin baƙuwa, ta tambaye ta ina amarya. Goggo ta manta da kanta, ta tuntsire da dariya, mayafi ya zame.

"Tsaya, Hajiya!" in ji Nafisa. "Wushirya gare ki? Ina anka yi miki? Ƙawata har kankare mata anka yi don ta samu, wallahi ba ta kai wagga kyau ba."

"Wa za shi yi min? Da abata anka haihe ni."

Ni kaina na manta. Ashe zinariyar ce ta ƙara wa haƙorin faɗi, ta toshe 'yar tazarar da ke tsakani duk shekarun nan.

Malam Mode ya shigo shan ruwa, basilla a hannu, ya tsaya a bakin randa.

"Ita na gani bakin rijiya," ya ce, "ran da na koma gida na ce a nemo min ɗiyar wane. Kinka tahi Makka kinka ruhe min ita."

Goggo ta saki baki tana kallonsa. "Shekara ashirin da ɗaya, Malam, ba ku hwaɗi ba?"

"Murna kike yi. Mi za ni ce?"

Ta ɗaga mayafin za ta rufe fuska don kunya, sai ta sake shi. Dariyar da ta yi a ranar har mai shagon bakin lungu ya aiko yana tambaya ko lafiya.

Yanzu zinariyar tana cikin wani gwangwanin kwalli, duk baƙuwar da ta zo sai an ciro an nuna mata, an ba ta labarin ɗawafi. Malam Mode bai ƙara cewa komai ba. Sai dai tun daga ranar ya naɗe tabarmar aikinsa daga zaure ya shimfiɗa ta a tsakar gida, daidai inda take auna lalle, wai nan ya fi haske.