Turmin Malamar Dabai

Shekara tara ina koyar da waƙa a wata firamare a Zuru, kuma a allo nake koyarwa. In zana layuka biyar, in ɗiga alamomin sautin waƙa a kai, yara su kwafa. Ba wanda ya taɓa kuka da ni, sai da aka turo mana sabuwar malama daga Dabai, aka ba ta ajin da ke jikin nawa.

Ranar farko turmi ta sa aka kawo mata a kan babur. Na yi dariya, na ce ko tuwo za ta yi wa hedimasta. Ashe da lugude za ta koyar. Yara uku su kama taɓare, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, sauran suna ƙirga ɗaya, biyu, uku da tafi. In ta ce a yi sauri su yi, in ta ce a sassauta su sassauta. Cikin mako biyu yaranta sun gane bugu da tazararsa, abin da nake fama da shi tun farkon zango. Kishi ya kama ni, mai zafi kuwa.

Abin da ya fi ci mini rai 'yata ce. A ajina take, ta fi kowa murya, da ita nake taƙama, kuma ban so a ce wata ce ta koya mata ba ni ba. Sai ga ni ina rubutu a allo, ita kuma ƙafarta tana bin turmin maƙwabta a ƙarƙashin benci. Wata Juma'a muna hanyar gida ta ce, "Mama, ki maishe ni ajin Malama mana. Can a jiki ake jin waƙar."

Ran Litinin na shiga ofishin hedimasta, na ce hayaniya ta hana yarana karatu, kuma wata rana taɓarya za ta fasa kan ɗan mutane. Ni kaina ban yarda da maganar ba, amma shi ya yarda. Turmin ya koma Dabai.

Duk da haka kullum malamar ce take fara gaishe ni, abin ya ƙara ba ni haushi. Yara kuwa sun san wadda ta kai ƙara. 'Yata ta zauna a ajina kamar yadda na so, ta kwafi layuka biyar ɗin tsaf, ta ci jarrabawa. Amma tun daga lokacin, in na shigo gida tana rera waƙa, sai ta yi shiru.